Wasiyyar Uba Da Hawayen Maraya

Muna farawa da sunan Allah, wanda rai da ajali suke hannunSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya tashi maraya, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu taɓo zancen da yawancinmu ba mu so a taɓo mana, watau wasiyya, da kuma abin da ya kamata a yi wa yara ƙanana sa'ad da aka yi musu rasuwa. A ƙasar Hausa idan magidanci ya tara iyalinsa ya ce bari ya gaya musu abin da za a yi bayan ransa, nan da nan za ka ji uwargida ta ce, "Haba Malam, wane irin mugun baki ne wannan?" Shi ke nan sai ya haɗiye maganarsa, kowa ya watse. Muna faɗa da bakinmu cewa mutuwa rigar kowa ce, amma da an zo batun shirinta sai mu mai da ita ta maƙwabci.

Mutanen Shinkafi da Zurmi da Kaura Namoda ba su bukatar mai wa'azi ya tuna musu cewa ajali ba ya sallama. Mutum yakan fita da sassafe zuwa gonarsa, ko ya hau mota ran Alhamis zuwa kasuwar Shinkafi, da la'asar sai labarinsa. Abin da ya faru a Birane ta ƙasar Zurmi cikin Fabrairun 2018, da Kware ta ƙasar Shinkafi a farkon 2019, da Kadawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita cikin Yunin 2021, duk ba a manta ba. Kwamitin da Gwamnatin Jihar Zamfara ta kafa a 2019 a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, Alhaji M. D. Abubakar, ya ba da rahoton cewa daga 2011 zuwa 2019 mata 4,983 sun rasa mazajensu, yara 25,050 sun zama marayu a jihar. Wannan lissafi ya tsaya a 2019 ne, kashe-kashen kuwa ba su tsaya can ba. Sai mai karatu ya tambayi kansa, a cikin iyayen waɗannan yara mutum nawa ne suka bar takarda mai nuna abin da suka mallaka, da abin da ake bin su, da wanda suka yarda ya riƙe musu 'ya'ya?

Shari'a ba ta bar wannan al'amari ga ganin dama ba. Sayyidina Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito, kuma hadisin yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, cewa bai dace Musulmin da yake da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa ba. Shi Abdullahi ya ce tun da ya ji haka bai ƙara kwana ba sai da tasa a kusa. Malamai sun bayyana cewa ga wanda ba kowa ke bin sa kome ba, wasiyya abar so ce. Amma ga wanda ake bi bashi, ko aka ba shi ajiya, ko akwai zakkar da bai fitar ba, kuma ba wanda ya sani sai shi, to wasiyya ta zama wajibi a kansa, domin shirunsa zai ɓatar da hakkin wani.

Kuma wa ya tsira daga wannan? Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Dubi yadda muke ciniki. Dillalin shanu yana riƙe da kuɗin mutum biyar a aljihu ɗaya, lissafin duk a kansa yake. Manomi ya karɓi taki da damina a kan zai biya da buhun gero ko na shinkafa da kaka. Wani ya karɓi jinginar gona shekara goma da suka wuce, shaidun sun mutu, 'ya'yansa sun tashi suna tsammanin ta ubansu ce. Wata tsohuwa uwar adashi ce, kuɗin matan unguwa duka suna ƙarƙashin gadonta. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. An taɓa kawo wa Manzon Allah gawar wani mutum da ake bi bashi bai bar abin biya ba, ya ƙi yi masa salla da kansa, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biyan. In haka ta faru ga wanda ya zauna gari ɗaya da Annabi, ina ga ni da kai?

Tsarin da shari'a ta yi wa dukiyar mamaci a fili yake. Da fari a fitar da abin da za a yi masa sutura, watau likkafani da haƙan kabari, gwargwadon hali ba ɓarna. Sa'an nan a biya bashi, ko da zai cinye dukiyar duka. Sa'an nan a zartar da wasiyya, wadda ba za ta wuce sulusi ba, watau kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage. Daga nan sai magada. Iyakar sulusi kuwa daga ƙissar Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi aka samo ta. Ya yi ciwo mai tsanani a Makka, a lokacin ba shi da ɗa sai 'ya guda, ya so ya bayar da kashi biyu cikin uku sadaka, Annabi ya hana. Ya ce rabi, aka hana. Aka tsayar masa a sulusi, aka kuma nuna masa cewa shi ma da yawa ne, domin barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Ba a kuma yin wasiyya ga wanda yake da rabo a gado, sai fa in sauran magada sun yarda. Saboda haka uban da ya rubuta cewa a ba ɗan amarya gidan gaba, a bar 'ya'yan uwargida da kango, ya sani ya bar wa iyalinsa wuta ne, kuma alƙali ba zai zartar ba.

Akwai wani wuri guda da nake so dattawanmu su tsaya su yi tunani a kansa sosai, don a wannan yanki namu ya zama ruwan dare. A da tsoho ke riga ɗansa. Yanzu kuwa samari majiya ƙarfi, su ne ke gona, su ne ke hanya, su ne ake kashewa, a bar tsoho da jikoki. To a hukuncin gado, jikan da ubansa ya riga kakansa mutuwa ba ya cin gadon kakan muddin akwai ɗa namiji na kakan da rai. Baffansa ya shamakance shi. Misali, Malam yana da 'ya'ya maza uku, aka kashe na tsakiya ya bar yara huɗu. Bayan shekara biyu Malam ya cika, matarsa ta riga shi, abin da ya rage bayan sutura da bashi Naira 900,000. Idan bai yi wasiyya ba, 'ya'yansa biyu za su raba, kowa Naira 450,000, marayun nan huɗu ba su da ko kwabo, alhali wataƙila ubansu ne ya fi kowa wahala a gonar. Idan kuwa ya yi musu wasiyya da sulusi, za su sami Naira 300,000, baffanninsu kowa ya sami Naira 300,000, daidai da abin da zai kasance da ubansu yana raye. Shari'a ba ta zalunci jikan ba, ta buɗe wa kakan ƙofa ce ta ce ya shiga da ƙafarsa. Ƙasar Masar ta ga yawan kakannin da ke mutuwa ba su shiga ba, har a 1946 ta kafa doka ta mai da irin wannan wasiyya tilas. Mu a nan ba mu da wannan doka, kotunanmu a kan mazhabar Maliku suke hukunci. In kaka bai faɗa ba, kuma bai kafa shaidu ba, sai dai abin da baffanni suka ga dama suka bayar don Allah.

Sai batun wasiyyi, mutumin da uba ya naɗa ya kula da 'ya'yansa ƙanana da dukiyarsu. Uba yana da ikon ya zaɓi wanda ya amince da addininsa da riƙon amanarsa, ko da ba shi ne babba a dangi ba, ko da uwar yaran ce. In bai zaɓa ba, abin da aka saba gani shi ne babban wa ko ƙanen uba ya hau kan kome ya ce ai shi ne uba yanzu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, ya lissafa wannan ɗabi'a ta babban magaji ya mamaye gado duka a cikin bidi'o'in da ya yi yaƙi da su. Shekara fiye da 200 ke nan da rasuwarsa a 1817, ɗabi'ar tana nan da ranta. Suratun Nisa'i, aya ta 10, ta kwatanta cin dukiyar maraya da cusa wuta a ciki, aya ta 6 kuma ta umarci mai riƙo ya miƙa wa yaro kayansa gaban shaidu idan ya balaga aka ga hankalinsa.

Yadda za a rubuta ba wuya. Da boko ko da ajami, duk ɗaya. A sa abin da ake bin ka da abin da kake bi, da sunayen masu ajiya, da iyakokin gonaki da wadda take jingina, da dabbobin da ka ba wani kiwo. A kira adilai biyu su shaida, domin a mazhabarmu takardar da aka tsinta a akwati ba shaida tana iya zama abin gardama a gaban alƙali. A ajiye ɗaya wurin liman ko wani amintacce, ɗaya kuma wurin ɗan'uwa a wani gari, don mun ga yadda ake ƙone gida da abin da ke ciki. Mai kuɗi a banki ya sanar da iyalinsa wane banki ne. Ya kuma sani sunan da ya rubuta a takardar banki ko ta wurin aiki a matsayin makusancinsa bai mai da wannan mutum mai dukiyar ba, ɗan aike ne kawai, kuɗin na magada ne duka. Mata ma haka, da awakinsu da 'yan kunnensu da kuɗin adashi. Kuma mutum yana da ikon ya sake wasiyyarsa duk ran da ya so muddin yana numfashi.

Game da jana'iza kanta, magabata ba su ji nauyin faɗin abin da suke so ba. Sayyidina Abubakar ya ce a wanke tufar da yake jinya a cikinta a haɗa da wasu biyu a yi masa likkafani, don a ganinsa mai rai ya fi bukatar sabuwa. Sayyidina Umar, yana kwance da raunin da ya yi ajalinsa a shekara ta 23 bayan Hijira, ya aiki ɗansa wurin Nana A'isha neman izinin a binne shi kusa da abokansa biyu. Amru ɗan Asi ya hana a bi gawarsa da mai kururuwa ko da wuta, ya kuma roƙi a ɗan dakata a bakin kabarinsa bayan an rufe. Kai ma kana iya faɗin wanda kake so ya yi maka wanka da wanda zai yi maka salla. Shawarata ga mutanenmu, wanda ciwo ya kai shi asibiti a Gusau ko Sakkwato ya sauƙaƙa wa iyalinsa tun da bakinsa, ya ce inda rai ya yi halinsa a rufe shi nan. Sunna ita ce gaggauta jana'iza, shahidan Uhudu ma a inda suka faɗi aka umarta a binne su. Ba dalili a ɗora rayuka goma a mota a bi da su hanyar da kowa ya san halinta saboda gawa ɗaya ta kwanta kusa da kakanninta. Zancen sadakar uku da bakwai da arba'in kuwa, malamanmu sun daɗe suna saɓani a kai, kuma ba shi ne zancenmu na yau ba. Abin da ba saɓani a cikinsa shi ne ba a taɓa rabon maraya a dafa wa masu zaman makoki abinci. Wanda ya so sadaka ya yi da nasa.

To, an yi sutura, an dawo daga maƙabarta, maza suna ƙofar gida a kan tabarmi, mata suna ciki. Ina yaran? Galibi an tura su maƙwabta. Idan ƙaramin ya tambaya, sai a ce masa Baba ya yi tafiya, ko ya tafi Makka, zai kawo maka tsaraba. Masu faɗin haka tausayi ne ya sa su, ban musa ba. Amma yaron nan zai zauna bakin zaure yana duban hanya wata da watanni, duk motar da ta tsaya sai gabansa ya faɗi, har ran da wani yaro a wurin wasa zai jefa masa gaskiya cikin faɗa. Ran nan zai yi rashi biyu, ga uba ba shi, ga maganar manya ta daina zama abin dogara. Ramin ƙarya ƙurarre ne ko da ta tausayi ce. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wata mata ta kira ɗanta ƙarami, Abdullahi ɗan Amiru, ta ce ya zo ta ba shi wani abu, Annabi yana zaune. Ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya sanar da ita cewa da ba ta da niyyar ba shi kome da an rubuta mata ƙarya. Wannan a kan ƙwayar dabino ke nan.

Mu dubi abin da shi Manzon Allah ya yi da kansa. A shekara ta 8 bayan Hijira aka kashe ɗan baffansa Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib a yaƙin Mu'uta. Bai aika kowa ba, shi ya taka zuwa gidan. Ya ce wa matar, Asma'u 'yar Umaisu, ta kawo masa yaran. Ya rungume su yana sunsunar su, idanunsa suna zubar da hawaye, a nan ta gane, ya kuma tabbatar mata. Ya koma ya ce wa iyalinsa su dafa abinci a kai gidan Ja'afaru, don abin da ya same su ya shagaltar da su. Ya bar su kwana uku. Sa'an nan ya dawo ya ce kuka ya isa haka, ya sa aka kira wanzami ya yi wa yaran aski, ya yi musu wasa yana faɗin wanda kowannensu ya yi kama da shi a dangi, ya kama hannun Abdullahi ya yi masa addu'ar albarka a cinikinsa. Da uwar ta kawo kukan maraicinsu, ya kwantar mata da hankali cewa shi ne majiɓincinsu. Ba a ɓoye wa yaran ba, ba a kore su maƙwabta ba, sun ga babba yana hawaye sun san ba abin kunya ba ne, an ba baƙin ciki kwanakinsa, daga baya kuma aka mai da su ga al'amuran yau da kullum, aka gaya musu a bayyane wanda zai riƙe su.

Ba abin mamaki ba ne ya san wannan. An haife shi bayan rasuwar mahaifinsa. Yana da shekara 6 mahaifiyarsa ta rasu a Abwa'i, a hanya tsakanin Madina da Makka, yana tare da ita. Yana da 8 kakansa ya bi. Da ɗansa Ibrahimu yake cikawa ya yi hawaye har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, ya bayyana masa cewa wannan rahama ce. Har ƙanen Anas, Abu Umairu, da ɗan tsuntsunsa na wasa ya mutu, Annabi ya lura da damuwarsa ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun. Mu kuwa yaro ya rasa uba sukutum, in ya yi kuka sai mu daka masa tsawa mu ce namiji ba ya kuka, ko mu ce yana ƙona mamaci. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da marin fuska da yage tufa. Hawaye da baƙin cikin zuciya ba laifi.

Wanda yaro ya fi sabawa da shi shi ya kamata ya gaya masa, a zaune, da kalmomi kaɗan: Baba ya rasu, Allah Ya karɓi abinSa, ba zai dawo gidan nan ba, muna roƙon Allah Ya haɗa mu da shi a Aljanna. Kada a ce barci yake yi, sai yaron ya tsorata da barci. Ɗan shekara huɗu ko biyar bai gane abin da ake nufi da har abada ba, zai sake tambaya gobe da jibi, a ba shi amsa iri ɗaya ba da ƙosawa ba. Wanda ya ɗan tasa yakan ɗora wa kansa laifi a ɓoye, ya ce don ya ƙi zuwa aike ne, ko don shi ya roƙi Baba ya je kasuwa ran nan. A gaya masa ajali ne, ba hannunsa a ciki. Namijin da ya yi wayo a bar shi ya tsaya a sahun salla in yana so, a koya wa duka yaran addu'ar da za su riƙa yi wa mamacin, domin yaron da aka ba abin yi ya fi wanda aka bari da tunani samun sauƙi. A riƙa ambaton uban a gida, da halinsa da abin dariyarsa. Idan yaro ya koma fitsarin kwance, ko yana firgita cikin dare, ko ya daina magana, ko ya maƙale wa uwarsa, kada a ce shagwaɓa ce ko iska, kada a sa bulala. In abin ya daɗe bai sassauta ba, a haɗa addu'a da zuwa asibiti.

Kada kuma a yi gaggawar raba yara kamar ana raba tumaki, wannan Gusau wurin gwaggo, wancan Kaura wurin kawu, ɗaya a tura shi almajiranci don a rage baki. A mazhabar Maliku uwa ce ta fi kowa cancantar reno, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In uwar ta auri wanda ba muharramin yaran ba, renon yana komawa ga kakarsu ta wajen uwa kafin dangin uba. Dangin uba nauyinsu ciyarwa da kulawa, ba fizge yaro daga uwar da ke cikin takaba ba.

Yaron da aka kashe ubansa, balle wanda aka yi a kan idonsa, yana da wata bukata daban. A gaya masa abin da ya inganta daga Annabi, cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko iyalinsa shahidi ne. Kuma manya su kiyayi bakinsu a gabansa. Mai shafa kan maraya yana ce masa ka girma ka rama, yana kiran sunan wata ƙabila dungurungum, ya sani makami yake wasawa, kuma bai san wuyan da zai faɗa a kai ba. Marayun nan akwai su a cikin gari, akwai su a ruga, kuma shari'a ba ta kama wani da laifin wani. Hakkin jini yana nan, amma ta hannun hukuma ake nemansa.

Saura gidajen da ba su ga gawa ba, waɗanda aka tafi da mai gidan daji shekara ɗaya ko biyu ba labari. Su ma kada a ce wa yaran yana Makka. A ce musu an tafi da shi, ba mu san halin da yake ciki ba, muna roƙon Allah. Matar irin wannan mutum ba ta yanke wa kanta hukunci, dangi kuma ba su raba dukiyarsa don sun gaji da jira. Alƙali ake kai wa magana, shi zai bincika ya sa wa'adi, kuma hukuncin matar daban yake da hukuncin dukiyar. Wannan babi na wanda ya ɓace yana da rassa da yawa a littattafan fiƙihu, shi za mu ɗauka a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.